Filayen Ƙwallon Lambu Uku Da Gonar Marigayi

Masu karatu, na san da yawanku ci gaban labarin da muke ciki kuke jira, to ku yi mini afuwa, yana nan tafe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Yau wani tsohon bashi nake son saukewa, wanda ya haura shekara ashirin a wuyana.

A shekarar 2003, ina ɗan saurayi mai zafin alƙalami, na fitar da littafina na uku. A cikinsa akwai wani matashin Alhaji mai kuɗi na tashin hankali, irin waɗanda muke ƙerawa a takarda alhali mu ko kuɗin motar Kano sai mun ranta. Don in nuna wa mai karatu cewa mutumin nan ya wuce sa'a, sai na kai shi filin golf, wato ƙwallon lambu kamar yadda gidajen rediyo ke kiransa. Na rubuta cewa ya zura ƙwallo goma sha biyu a raga, abokin karawarsa ya zura bakwai, 'yan kallo suka ɗaga shi sama, budurwar tana gefe tana tafi. Littafin ya shiga kasuwar Sabon Gari, ya sayu har aka sake bugawa. Bayan wata huɗu sai ga wasiƙa daga wani mai karatu a Kaduna, layi uku kacal. Ya ce, Malam, golf ba shi da raga, rami ne da shi, kuma mai ƙaramin lissafi shi ke cin wasa, don haka jarumin naka shi aka lallasa. Na ninke wasiƙar na cusa ƙarƙashin katifa. Ban ba da amsa ba, ban kuma gyara littafin ba.

Abin da ya tono wannan magana shi ne ɗan yayata. Yayar tawa tana aure a wani ƙauye cikin ƙasar Sule Tankarkar, mijinta ya rasu a 2021 ya bar ta da yara biyar da gona guda. Babban cikinsu namiji ne, ɗan fari, shi ya sa ba ta faɗin sunansa, ni ma zan bi sahunta a nan. Ya gama sakandare a 2022, Lissafi da Turanci suka ƙi shi, da aka yi kaka sai ya bi 'yan cirani zuwa Kano. Sauran sun dawo da faɗuwar ruwa, shi bai dawo ba. Damina biyu ta wuce babu shi. Sai labari ya iso ƙauyen wai yana can wani kulob yana ɗaukar wa masu kuɗi jaka, kuma kun san yadda kalmar kulob take a kunnen mutumin ƙauye. Ran nan Yaya ta hawo mota ta same ni a shagona a Gumel, ta zauna a kan benci ko ruwa ba ta sha ba, ta ce, "Auta, ka je ka dawo mini da yaron nan. Gona ta fi ƙarfina, bakin mutane ma ya fi ƙarfina."

A watan Disamba na 2024 na ja ƙofar shagon littattafai da kayan rubutun da nake ci da iyali da shi, na ce wa maƙwabta na tafi hutun kwana goma. Suka yi ta dariya, wai hutu sai ka ce wani Bature. Ban faɗa musu aiken da ke kaina ba. Na kuma yanke shawarar ba zan fara da Kano ba, domin na taɓa yin magana a kan wasan nan cikin jahilci na kunyata, ba zan je in raba yaro da sana'ar da ban san kanta ba balle gindinta. Wani abokina da muka yi sakandare tare, yana aiki a Dutse, ya ce mini ai ga fili nan a jiharmu, in zo ya haɗa ni da wanda ya san shi.

Ni ɗan manomi ne, ba ni da wani ma'aunin fili da ya wuce wanda na gada. In aka nuna mana gona abu uku muke dubawa: ƙasarta, ruwanta da inuwarta, sai kuma hanyar shigarta. Da wannan ma'auni na fita. Mota ta ratsa ƙasar Gagarawa, an gama kaɗe riɗi, gonaki sun yi fayau sai kara da buji, muka karya a Gujungu, muka bi ta Jahun da Kiyawa, kafin azahar ga duwatsun Dutse sun bayyana.

Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 ban san adadin zuwana Dutse ba, amma kullum iyakata sakatariya da tasha. Ashe a garin akwai filin da ake kira Dutse Royal Golf Course, wanda marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi ya kafa. Ya hau sarauta a 1995, Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen Janairun 2023, kuma an san shi da son wasan nan da son dashen itatuwa. Wanda abokina ya haɗa ni da shi wani dattijo ne tsohon ma'aikacin gwamnati, da ya ji labarin ragar da na saka a littafi sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "To zo in biya maka karatun daga farko."

Ga abin da na koya, don kada wani marubuci ya sake faɗawa ramin da na faɗa. Cikakken fili rami goma sha takwas ne, kowane rami da wurin da ake fara bugu da kuma inda aka kafa tutarsa, tsakaninsu tafiya ce ta mita ɗari da wani abu har zuwa sama da ɗari biyar. Faɗin ramin milimita 108 ne, bai fi bakin gwangwanin madarar gari ba. Ɗan wasa ba ya wuce sanda goma sha huɗu a jakarsa, kowace da aikinta, wata ta nisa, wata ta ɗaga ƙwallo sama, wata ta gangarawa cikin rami. Kowane rami an ƙayyade masa bugun da gwani ya kamata ya yi, uku ko huɗu ko biyar, shi suke kira par, in aka tara na filin duka yakan kama wajen 72. Wanda ya gama zagaye da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wasan yau da kullum babu alƙali mai usur. Kai za ka ƙirga bugunka, in ka yi laifi a bayan bishiya inda ba mai ganinka, kai za ka ci kanka tara. Na ce, "Yallaɓai, ashe wasan amana ne." Ya ce, "Shi ya sa muke gane halin mutum a rami uku."

Daga nan ya miƙo mini sanda ya ce in gwada. Ina sanye da babbar riga da takalmi fes, domin a tunanina wurin manya zan je. Na naɗe hannun riga na ɗaga sanda kamar mai saran itace, na kai bugu, iska na doka. Na sake, na tono ƙasa. A na uku rigar ta warware ta naɗe sandar, ƙwallon kuwa yana nan inda aka ajiye shi yana kallona. Dattijon ya ce, "Uku ke nan a lissafinka, domin in ka kai bugu da niyya ka kuskure, an ƙirga." Wani yaro da ke riƙe da jakarsa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Amma abin da na fito da shi daga Dutse ba dariyar ba ce, inuwa ce. Fili ne shiru, ga itatuwa iri-iri, ga duwatsu daga nesa, kana jin kukan tsuntsayen da ka manta da su. Mu da muka tashi a masarautar Gumel mun san darajar wannan. Mu ne muka ga yadda iskar bazara ke kwaso yashi daga arewa ta binne shuka, mu ne muka ga layukan darbejiya da aka dasa don su tare ta, kuma mun san tsawon igiyar guga a ƙauyukan Maigatari. Nan na gane dalilin da ya sa aka ce ƙwallon lambu, domin lambu ba ya yiwuwa sai da ruwa. Zuciyata ta fara lissafin jarka nawa ciyawar wasa za ta sha a wata guda na rani, ta ce wannan almubazzaranci ne. Sai wata zuciyar ta ce, to itatuwan fa? Ai bishiya in ta tare iska ba ta tambayar ko kai mamba ne. Na bar su suna gardama na hau motar Kano.

Filin Kano Golf Club yana kan titin Club Road, a ɓangaren da Turawan mulki suka keɓe wa kansu a wajen ganuwa, inda suka yi gidajensu da kulob ɗinsu da filayen wasanninsu. A wancan zamani bayan gari ne. Yau birni ya haɗiye wurin, sai ka ga ikon Allah, makeken fili a tsakiyar garin da ake rigima a kan taku goma na fuloti. In Dutse shiru ce, Kano hayaniya ce daga nesa, hon ɗin motoci da ƙarar A Daidaita Sahu ba sa yankewa. Lokacin hunturu ne, hazo ya sauka, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo in ya faɗi sai ya yi ta gudu kamar an kore shi.

Da sassafe bayan asuba na same shi, cikin wasu samari da ke zaune a gindin bishiya suna jiran masu wasa. Kadi ake ce musu. Ya rame, ya yi duhu, amma tsaf da shi. Yana hango ni ya taso da gudu ya durƙusa, fuskarsa ta canza, ya ce, "Kawu, lafiya? Inna ce?" Na ce lafiyarta ƙalau, hutu na zo. Ya dube ni, na dube shi, duk mun san ba hutu ba ne. Kafin mu ƙara magana motar maigidansa ta tsaya, wani Alhaji mai masana'anta. Yaron ya gabatar da ni, Alhajin ya ce in ina da ƙafar tafiya in biyo su.

Awa huɗu muka yi muna tafiya. Jakar nan na ɗaga ta da hannuna, ta haura kilo goma, yaron ya saɓa ta kamar ba komai. Da farko abin da Yaya take gani shi na gani, ɗan marigayi yana bin wani ƙato da kaya a kafaɗa, raina ya ɓaci. Amma a rami na uku sai na lura da wani abu. Alhajin nan, wanda na tabbata a ofishinsa ba mai yi masa musu, ya tsaya a kan ƙwallonsa ya waiwayo ya ce, "Me ka gani?" Yaron ya tsinki busasshiyar ciyawa ya saki a iska, ya dubi tuta, ya ce, "Mita ɗari da arba'in ne, Alhaji, iska na gabanmu, a ɗauki shida." Alhaji ya ce shi bakwai yake so. Yaron ya ce, "Ba za ta kai ba." Ya karɓi shida, ya buga, ƙwallo ya sauka kusa da tuta. Haka aka yi ta yi har rami na sha takwas. Shi ke auna nisa da ido, shi ke karanta gangaren ƙasa, in ƙwallo ya ɓace a ciyawa shi ke gano shi kafin minti ukun da doka ta bayar su cika. Yaron da aka ce ya faɗi Lissafi.

Da aka tashi ya kai ni wurin wani tsoho da suke kira Baba, wanda ya koya masa aikin. Baba ya ba ni labarin yadda aka yi wasan nan a Arewa tun zamanin da ba a iya shayar da ciyawa. Ya ce kewayen ramin, inda a ƙasashen ruwa ake shimfiɗa lallausar ciyawa, nan yashi ake tankaɗewa a kwaɓa da baƙin man inji a daddaɓe, shi ya sa ake kiransa birawun maimakon girin. Kafin mutum ya gangara ƙwallo sai an ja buhu ko tabarma an share sawu. Ya ce shi a kan yashin ya koyi aiki yana ɗan shekara goma sha biyu. Na tambaye shi makomar yaro a wannan sana'a. Bai ɓoye mini ba. Ya ce akasarin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara, wannan gaskiya ne. Sannan ya nuna mini gwiwoyinsa da suka kumbura, ya ce, "Amma yaran da suka wuce ta hannuna suka zama wani abu ba su cika yatsun nan ba. Sauran ga irinsu nan a gabanka. Ɗanka yana da ido, yana da hannu. Abin da ban sani ba shi ne ko yana da rabo."

Daren nan a ɗakinsu na kwana a unguwar Birged, su biyar a ciki ɗaya, kowa da tabarmarsa. A kusurwa ya jingine wata tsohuwar sanda mai lamba bakwai da wani ya ba shi, an naɗe mariƙinta da robar tayar keke. Na yi masa maganar da ake yi a ƙauye, ya ce, "Kawu, ni iyakata fili. Azahar ma sau da yawa tare da Alhaji muke yi." Ya buɗe wayarsa ya nuna mini kuɗin da yake turawa gida ta hannun wani mai POS, na taki, na asibitin ƙanwarsa, na ɗinkin Sallah. Ba su da yawa, kuma wani watan babu, domin abin ya danganta da hannun wanda ka ɗaukar wa. Yaya ba ta faɗa mini wannan ba. Ban ga laifinta ba, ita ba kuɗi ta aike ni ɗaukowa ba.

Na yi niyyar in fasa ƙwan a Kano, sai ga shi Alhaji zai tafi Jos ƙarshen mako su yi wasa da abokansa, da yaron zai tafi, ya ce akwai wuri a mota. Abin nema ya samu. Muka bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka, mota ta fara hawa. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma Disamba ce. Ni da nake taƙama da sanyin hunturun Gumel, sai ga ni na saye rigar sanyi ta gwanjo a bakin titi ina karkarwa.

Filin Rayfield daga 1913 ake lissafa shekarunsa, Turawan haƙar kuza ne suka kafa shi don su huta bayan aiki. Ƙasar wurin ja ce, ba irin farin yashinmu ba, ga duwatsu, ga dogayen itatuwan turare, kuma duk yankin cike yake da tuddai da tafkunan da haƙar ma'adinai ta bari. In don kyan gani ne da daɗin iska, ba na jin akwai na biyunsa a cikin ukun. Sai dai ni ina kallon tafkunan nan ina tuna hirar tsofaffinmu ta diban gwamna, lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, da aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin kuza dole, sanyi da yunwa suka kashe da dama. Talakan ƙasarmu ya daɗe yana zuwa tudun nan ɗaukar kaya. Na dubi ɗan yayata da jaka a kafaɗa, na rasa inda zan ajiye tunanina.

Da yamma, bayan sun gama, ƙwallon wani daga cikin abokan Alhaji ya rage a cikin ramin yashi, irin wanda ake haƙawa da gangan a kusa da tuta don ya zama tarko. Mutumin ya yi bugu uku bai fita ba. Alhaji ya ce, "Ba yaron nan sanda ka gani." Ya shiga, ya murza ƙafafunsa cikin yashin, ya daki bayan ƙwallon, yashi ya tashi, ƙwallo ya ɗaga a hankali ya sauka ya gangara ya tsaya taki ɗaya daga rami. Suka yi ta tafi. Ya fito yana kaɗe wando ya ce mini a hankali, "Kawu, yashin gonarmu ya fi wannan wuya." Daga baya ya nuna mini hoton wani ɗan ƙasar Sifen a wayarsa, Seve Ballesteros, wanda ya fara da ɗaukar jaka yana yaro, ya koyi bugu a yashin bakin teku da sanda ɗaya tal, ya zo ya ci babbar gasar Birtaniya a 1979. Na gane cewa wannan hoton shi ne abokin gabar Yaya.

A wurin mai shayi na isar da aike. Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce, "Kawu, in na koma, in koma in yi me? Damina wata uku ce zuwa huɗu. In an yi girbi sai zaman dandali, sai ranar Alhamis in je Maigatari in yi lodin shanu ko buhunan zoɓo. Nan ma kaya zan ɗauka, kuma can ba wanda zai tambaye ni me na gani." Na ce, "Mahaifiyarka fa? Da bayanta take noman da ubanka yake yi." Ya sunkuyar da kai, na ga hawaye na ɗiga a kan teburin. Ni ma ban da ta cewa, domin ni kaina sai da mahaifinmu ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata sosai saboda na bar gona na kama rubuta littattafan soyayya. A ƙarshe muka yi yarjejeniya uku: zai riƙa dawowa kowace damina daga shuka har a gama noman farko, zai biya 'yan ƙwadago na maimai, kuma zai sake zama jarrabawar da ta ƙi shi. Na ba shi hannu, na san dai ba abin da aka aike ni ke nan ba.

To masu karatu, in kuka ce in jera filayen nan uku bisa ma'aunin ɗan manomi, ga abin da zan ce. Wajen inuwa da natsuwa, Dutse. Wajen ƙasa mai kyan gani da iska mai daɗi, Jos. Wajen jama'a da koyon aiki, Kano, domin a can na ga wasan yana ciyar da waɗanda ba sa buga shi. Saura hanyar shiga. Ba inda aka kore ni, ko'ina an karɓe ni da mutunci, amma ba inda na shiga da ƙafata ni kaɗai. A Dutse inuwar dattijo na bi, a Kano da Jos ta Alhaji. Kulob na mambobi ne, baƙo yakan shiga ta hannun mamba ko ya biya kuɗin wasan yini, sannan ga tsadar sanduna da ƙwallo. Alhaji ya ba ni labarin tsohon filin St Andrews a Sikotilan, inda aka tsayar da rami goma sha takwas tun 1764. Ya ce filin na jama'ar gari ne, kuma galibin ranakun Lahadi ba a wasa a cikinsa, kowa ya ga dama ya shiga da iyalinsa ya sha iska. Na ce ashe a can inda wasan ya yi ƙarfi, kamar filin Idinmu yake.

Na koma Gumel, washegari na wuce ƙauyen. Yaya tana sussukar gero na zauna na kwashe labari duka na faɗa mata, har da bugun yashi da tafin da aka yi. Ba ta tsayar da taɓarya ba har na gama. Sannan ta ce, "Na aike ka ka ɗauko mini yaro, ka dawo mini da labari. Da ma aikinka ke nan." Wallahi tun da nake rubutu ba a taɓa yi mini sharhin da ya shige ni kamar wannan ba. Wata uku ba ta aiko mini da kuka da daddawar da ta saba aikowa ba.

A ƙaramar Sallar 2025, ƙarshen Maris, ya zo gida da tsohuwar sandarsa da ƙwallaye shida a aljihun jaka. Na je yi wa Yaya barka da Sallah, da la'asar sai na ji ihun yara a bayan gari. Ashe gonar marigayi ya shiga, tana fayau ba komai sai kututturen kara, ya binne gwangwanin madara uku a wurare uku, ya kafa kara da tsumma a kowanne. Yaran ƙauyen kaf suna wurin, maza da mata, har da 'ya'yan Fulanin da ke kiwo a gefe. Sanda ɗaya ce, layi ake bi. Waɗanda suka gaji da jira suka saro sanduna masu lanƙwasa suka kama buga ƙodagon goriba, irin yadda muke yi muna yara. Wani ɗan shekara tara ya ce bugu huɗu ya yi, yaron ya ce masa, "Kai za ka ƙirga, ba ni ba." Yaron ya yi shiru, can ya ce shida ne. Ba ruwa, ba inuwa sai ta aduwa guda, akuya ma ta tauna tuta ɗaya. Amma shi ne fili na huɗu da na gani, kuma shi kaɗai ne ban nemi inuwar kowa ba na shiga. Da na waiwaya na hango Yaya a bakin zana, ta yi kamar shanya take kwashewa.

Kada ku ɗauka komai ya daidaita kamar a ƙarshen littattafanmu. Da damina ta faɗi ya zo, amma ya makara da kwana goma sha biyu, ita da 'yan matan sun riga sun shuke rabin gonar. Ya yi noman farko ya koma. Maganar jarrabawa har yanzu muna ja-in-ja, kullum sai ya ce baɗi. In na tuna gwiwoyin Baba sai in ji na cuci Yaya, in na tuna Alhaji yana cewa me ka gani sai in ji da na dawo da shi da na cuce shi. Gwangwanayen nan uku kuwa garma ta tono biyu, ɗaya yana nan a ƙarƙashin gero.

Shi kuma bawan Allahn nan na Kaduna da ya rubuto mini a 2003, in yana raye kuma wannan ya iso gare shi, ga amsar wasiƙarka, ka yi haƙuri da jinkiri. Gaskiyarka ne, an lallasa jarumina. Duk mai kwafin littafin ya ɗauki biro ya soke raga ya rubuta rami. Ku taya ni da addu'a Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba yaron nan rabo, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.